Haidiranjiya ko ciyawar ado, wacce za ta iya da yanayin Zariya?

Uwargida_Hanwa:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah masu ido a harkar fulawa ku agaza min da shawara kafin in zubar da kuɗina a banza.

Mun tare a sabon gida nan Hanwa, to akwai wani ɗan lungu tsakanin katanga da ɗakin baƙi, tsawonsa zai yi taku goma sha wani abu, faɗinsa bai fi taku uku ba, magina sun bar shi haka nan jar ƙasa ce da guntayen bulo. Rana na shigarsa tun safe har wajen sha biyu, daga nan inuwar ginin ta rufe shi har magariba. Ni dai tun da naje biki Jos na ga wata fulawa a ƙofar gidan da aka sauke mu raina ya biya, wai haidiranjiya sunanta, furenta dunƙule guda ne babba wani shuɗi wani ruwan hoda, wlh sai da na taɓa na tabbatar ba na roba bane. Shi kuma maigida yace babu ruwansa da abin da zai ƙara masa kuɗin ruwa, wani abokin aikinsa ya nuna masa hoton wata ciyawar ado a waya mai siririn ganye da ratsin fari, wai kareks, yace ita za'a sa kowa ya huta tunda bata da fitina.

Ga halin da muke ciki don ku gane. Rijiyarmu daga watan Maris take fara ja baya, famfo kuma sai ranar da ya ga dama, in rani ya yi rani 'yan garuwa ne rufin asirinmu. Ina da yara ƙanana, autan komai ya tsinta sai baki. Sannan akwai akuyar maƙota da ko minti ɗaya aka bar get a buɗe tana ciki.

Shin akwai wanda ya taɓa raya haidiranjiya a Zariya ta yi fure da gaske, ba hoton intanet ba? Ita kuma ciyawar da gaske bata son ruwa ko dai zancen masu sayarwa ne? Gashi ruwa ya fara sauka ina so in yi abin da zanyi kafin damina ta yi nisa. Nagode.

Tsohon_Malamin_Gona:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa albarka a sabon gida ya sa an shiga a sa'a.

Bari in fara da haidiranjiyar tunda ita ce ta shiga ranki. Abin da kika gani a Jos gaskiya ne, tana yi a can sosai, amma ki tuna Jos tana bisa tsauni ne, tsayinta daga teku ya kai mita 1,200, mu nan Zariya bamu kai 700 ba. Wannan bambancin shi ne komai. Irin da kika gani mai shuɗi da hoda asalinta daga Japan ne, can tana fure a watan Yuni da Yuli lokacin da suke cikin daminarsu, iska a jiƙe, rana a lulluɓe. Ki dubi ganyenta, faɗi gare shi kamar tafin hannu, irin wannan ganyen ruwa yake fitarwa ba ƙaƙƙautawa, to ki kawo shi cikin watan Maris da Afrilu namu da zafi ke kaiwa digiri 38 zuwa 40, ko da tukunyar a jiƙe take kafin azahar za ki ga ta sunkuyar da kai saboda saiwar bata iya jawo ruwa da saurin da ganyen ke zubarwa.

Mutane suna ɗauka zafin bazara ne kaɗai matsalar, ni a ganina hunturu ya fi yi mata illa. Eh da sanyi, da dare yakan sauko digiri goma sha kaɗan, amma sanyi ne busasshe, laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙura. Abin da yake fasa mana leɓe da dunduniya shi yake ƙone mata bakin ganye ya koma ruwan ƙasa yana ƙaras ƙaras. Ruwan saman da muke samu bai yi kaɗan ba, yana kai milimita 1,000 da ɗoriya a shekara, sai dai duk yana zuba ne daga Mayu zuwa farkon Oktoba, sauran watannin kuwa ke ce gajimarenta, da bokiti.

Sai maganar fure, wanda nan ne masu saya ke shan mamaki. Wannan irin tana ƙulla idon furenta ne a jikin tsohon reshe tun kafin shekara ta juyo, kuma tana so ta samu sanyi na sosai ta yi barci kafin ta buɗe. Masu nomanta don kasuwa a Turai har ɗakin sanyi suke sakata, wajen mako 6 a ƙasa da digiri 10, sannan su fito da ita ta yi fure. Mu ina muka ga wannan. Shi ya sa za ki sayo ta daga Jos da furenta cas, ki yi ta murna, ashe sanyin Jos ne kike ci, shekara ta zagayo sai ganye kawai, ko ta ba ki ɗan fure ɗaya biyu da bai kai rabin na farko ba. In kuma aka samu wani mai almakashi ya aske ta da rani don ta yi kyau, to ya yanke furen baɗi gaba ɗaya.

Launin kuma ba fenti bane ba kuma iri daban daban bane dole. Ƙasar ce ke juya shi. In ƙasa mai tsami ce, ma'aunin pH ɗinta wajen 5.5 ko ƙasa da haka, saiwar na iya shan sinadarin alminiyom da ke cikinta sai furen ya yi shuɗi, in tsamin ya ragu ya haura 6.5 sai ya koma hoda. Mai farin fure ita ba ruwanta, fara take zama. Ƙasar gonakin yankinmu dama tana da ɗan tsami, amma lungun da kika kwatanta cike yake da guntun bulo da ragowar siminti, siminti kuwa kashe tsami yake, don haka in kika dasa a nan kai tsaye hoda za ki samu in ma kin samu.

Abu na ƙarshe kuma shi ya fi damuna tunda kin ambaci auta da akuya. Ganyenta da furenta suna ɗauke da guba dangin wadda ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci da gyauron dawa, wanda duk makiyayi ya san yadda yake yi wa dabba. Ba wai taɓawa ce ke cutarwa ba, ci ne, yaro zai iya amai da gudawa, akuyar maƙota kuma in ta cika cikinta kinga an shiga shari'ar da ba'a shirya ba.

Zancen ciyawar zan dawo kansa, an kira sallah.

Anti_GRA:

Baba ya faɗi gaskiya amma ni kam sai na ɗan kare ta, don ina da ita a gidana kuma tana raye, kada ƙanwata ta karaya gaba ɗaya.

Ƙanwata sirrin shine kar ki sa ta a ƙasa, tukunya za ki sa ta don ki riƙa ɗaukarta kina bin inuwa da ita. Kuma ba tukunyar roba baƙa ɗin nan da masu fulawa ke bayarwa ba, wannan da rana ta doke ta dafa saiwar take yi. Tukunyar ƙasa nake amfani da ita, na huda gindin, sannan na zura ta cikin wata babbar tukunyar na cika tsakaninsu da yashi ina jiƙa shi safe da yamma, yadda randa ke sanyaya ruwa haka wannan ke sanyaya mata ƙafa. Ƙasar ciki kuma na haɗa ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙarƙashin mangwaro da tsohon takin shanu wanda ya huce ya zama baƙi da ɗan yashi, saman na rufe da ɓuntun shinkafa don kar ta yi saurin bushewa. Toka kam ko kusa, duk wanda yace ki zuba mata toka don maganin gara ki ce masa a'a, shuɗin zai gudu.

Wajen zamanta gefen baranda ne ta gabas, tana shan ranar safe zuwa wajen tara da rabi shikenan. Ranar da kika ce tana kaiwa sha biyu a lungunki ta yi mata yawa a bazara gaskiya, da damina dai ba laifi. Da hunturu ina jawo ta cikin baranda inda iska bata bugunta, in na tashi da safe in ɗan fesa wa ganyen ruwa in goge ƙurar, don in ƙura ta zauna wasu 'yan mitsi mitsin ƙwari ke taruwa a bayan ganyen suna saƙa kamar yanar gizo, kafin ki ankara ganyen ya yi fari fari ya zube.

Ruwa kuma, na sama ta fi so. Ina tara na indararo a duro da damina in rufe, shi nake lallaɓawa. Da ya ƙare na koma na rijiya sai sabon furen ya fito wani kala tsakanin hoda da shuɗi kamar an wanke atamfa ta zuba. Abin da nake yi shine alif, wanda muke jefawa ruwa ya kwanta, shi ma ai alminiyom ne a cikinsa, cokali ɗaya na cin abinci a ruwa lita 4, amma sai na fara jiƙa ƙasar da ruwa zalla tukuna kuma ba kullum ba, sau ɗaya a wata ya isa lokacin da take tsiro, in kika cika hannu saiwar za ta ƙone.

Yanzu tsakani da Allah furen nawa bai kai na Jos ba, kuma ba duk shekara take yi ba, akwai shekarar da ganye kawai na kalla. Kuma in zanyi tafiya ko ta kwana biyu ce sai na bar wa wani amanarta da dogon bayani kamar na bar jariri. In kina da wannan haƙurin ki sayi guda ɗaya tak ki gwada, ki ɗora ta a kan wani abu mai tsayi inda auta ba zai kai ba. Amma ace ki jera ta a lungu taku goma sha, da ruwan garuwa, haba, maigidanki ya fi ki gaskiya a nan, kiyi haƙuri.

In kin samu mai ita ma ba sai kin saya ba, reshe ake yankowa mai gaɓa biyu ko uku wanda bai yi fure ba, a cire ganyen ƙasa a rage na sama rabi a soka a yashi mai laima a inuwa, cikin damina yana kamawa.

Dan_Kwangila:

Ikon Allah, wato yanzu har ciyawa ake saya da kuɗi a kai gida a yi mata ban ruwa 😂 Hajiya ki turo yaro gonata da buhu in cika miki shi da aya-aya kyauta har in ƙara miki da na mota, ai duk danginsu ɗaya da wannan kareks ɗin. Mu nan muna kashe kuɗi muna neman yadda za mu rabu da ita.

Amma ban da wasa, duk abin da za ki shuka ki kula da ƙasar da za'a kawo miki. In masu tifa ko masu kura suka ɗebo miki ta fadama, to tana zuwa da 'ya'yan aya-aya a ciki, kuma in ta shiga lungun nan ta shiga kenan, ki tuge sama ɗan ƙwallon na ƙasa, kwana kaɗan ta sake leƙowa, har interlok take fasowa ta tsakani. Ki sa a tankaɗe ƙasar da rariya kafin a zuba.

Uwargida_Hanwa:

Kai jama'a nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba wlh jikina ya yi sanyi da zancen gubar nan, ban taɓa kawowa ba. Anti sannu da ƙoƙari, ni da nake fama da yara uku ina na ga lokacin goge wa fulawa ganye 😅 amma dabarar tukunya biyun ta burge ni.

Malam Dan Kwangila ka tsorata ni fa, da gaske kareks ɗin dangin aya-aya ce? Kar inje in sayo wa kaina masifa da kuɗina. Baba muna jiranka dan Allah.

Tsohon_Malamin_Gona:

To na dawo. Dan Kwangila bai yi ƙarya ba, gida ɗaya suka fito. A ilimin tsirrai ana kiran gidan Cyperaceae, kuma ba ciyawa bace irin gamba ko harkiya duk da sun yi kama a ido. Ki tsinko karan aya-aya ki murza tsakanin yatsu biyu za ki ji yana da kusurwa uku, ba ya mirginawa sumul, kuma ba shi da gaɓa gaɓa irin na karan dawa. A wannan gidan akwai ayar da muke kunu da ita, akwai aya-aya, akwai gemun kwaɗo da ke fitowa a bakin rafi, akwai kajiji, akwai ma wadda mutanen Masar na da suka riƙa yin takarda da ita, wadda har yanzu tana nan a tafkin Chadi. Kinga ashe ba baƙi bane a wajenmu.

Ita kareks reshe ɗaya ce a gidan, amma babba, tana da iri wajen 2,000, kuma yawancinsu na ƙasashen sanyi ne. Nan ne nake so maigida ya saurara, don shi ma hoton waya ya ɗan ruɗe shi. Mai ratsin farin da aka nuna masa, in ta tsakiyar ganyen ratsin yake mai yiwuwa wadda ake kira Evergold ce, ita ma daga Japan asalinta, ƙasa ɗaya da haidiranjiyar taki. A ƙarƙashin itatuwa take fitowa, inuwa take so da ƙasa mai laima. Ta fi haidiranjiya juriya nesa ba kusa ba saboda ganyenta siriri ne mai tauri baya zubar da ruwa da yawa, kuma ba fure ake jira a wajenta ba balle ace bata samu sanyi ba ta ƙi yi, amma cewa bata son ruwa sam, wannan zancen kasuwa ne. Ki bar ta a ranar Afrilu ba ruwa ki ga yadda bakin ganyen zai ƙone. Akwai kuma wasu na ƙasar Niyu Zilan masu launin jan ƙarfe ko ruwan ƙasa, Turawa na son su sosai, mu nan in kika shuka su duk baƙon da ya shigo sai ya yi miki jajen fulawarki ta bushe, wata ma ta taya ki tugewa.

Zancen bazuwa kuma ki kwantar da hankali, irin su Evergold a dunƙule suke zama wuri ɗaya suna faɗaɗa a hankali, basu da 'ya'yan nan na ƙarƙashin ƙasa da ke sa aya-aya ta gagara. In dunƙulen ya yi girma ki haƙo shi da damina ki raba uku ko huɗu ki sake dasawa, da haka guda biyar za su cika miki layi. Ba'a kuma san su da guba ba, akuya dai za ta iya yi musu aski amma ba abin da zai same ta.

Wani abin kuma, ba lallai abin da za'a miƙo miki a wajen masu fulawa na bakin titi da sunan kareks ya zama ita bace. Sau da yawa duk wani abu mai siririn ganye da ratsi suna ɗaya suke ba shi. Akwai wata mai ratsin fari da ke sako 'ya'yanta a bakin dogon zare suna reto, wannan daga Afirka ta Kudu take, ba dangin aya bace ko kaɗan, saiwarta fara ce mai kauri tana ajiye ruwa. Ni in aka ba ki ita ma ki karɓa da hannu biyu, ta fi kareks ta gaskiya dacewa da lungunki kuma ta fi araha.

Amma in ni ne ke, ga abin da zanyi. A cikin dangin ayar akwai wadda ake kira mai lema, kara ne dogo miƙaƙƙe da kan kai ƙugu ko ƙirji, a samansa ganye ya baje zagaye kamar haƙarƙarin lema. 'Yar Afirka ce, zafinmu baya bata tsoro, kuma tana da kyau a jikin katanga musamman da yamma in iska na kaɗa ta. Ita ma tana son ruwa, ba zan ɓoye miki ba, sai dai bata da tsirfa, ba sai na sama ba, ba sai an sa alif ba. Ki duba inda ake alwala a gidan, ko inda ruwan wanke kayan miya da na ɗauraye shinkafa ke tafiya, ki ja 'yar kwata zuwa lungun, ruwan da dama zubarwa ake ya ishe ta. Na omo da bilic ne kawai ban yarda ba. Ki haƙa wurin ki kwashe guntun bulon, ki sa taki, kar kuma ki bar ruwa ya kwanta a sama ya kwana biyu saboda sauro, ya dai riƙa nutsewa. Dasa ta kuma abin dariya ne, ki yanko kan lemar da ɗan kara kamar tsawon yatsa, ki rage ganyen da almakashi, ki kifa shi kai ƙasa a kofin ruwa, za ki ga saiwa da sabon tsiro sun fito daga tsakiyar lemar, yara ma za su ji daɗin kallon wannan. Ki dai riƙa rage ta duk shekara kina cire busassun kara, don duhuwa a jikin katanga gidan kunama ne da maciji, ki bar tazara yadda tsintsiya za ta shiga.

Tunda kuma ranki na son fure mai dunƙule, ki nemi iksora, furenta a cure yake kamar ƙaramar haidiranjiya, akwai ja akwai ruwan lemo akwai hoda, daga Indiya take don haka zafi abokinta ne, sai dai ita ma bata shiri da siminti, ganyenta rawaya yake yi, sai ki nisanta ta da gindin katanga ko ki sa ta a tukunya. In shuɗin ne dole, akwai fulambago mai shuɗi bau kalar sararin sama, tana jure rani in ta kafu, amma ruwan jikinta na sa ƙaiƙayi, ki sa ta can baya inda yara basa wasa. Lantana kuwa duk yadda aka yi miki tallarta kar ki karɓa, tana kashe dabbobi.

In kina son sanin tsamin ƙasarki takamaimai kafin ki kashe kuɗi, ai a garin masana muke, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR da sashen kimiyyar ƙasa na ABU nan Samaru, aikinsu kenan.

Maman_Turare:

Baba a gafarce ni in ɗan sa baki, ba gyara nake maka ba, amma kajiji kam karansa ba kusurwa uku bane, zagaye yake sumul kamar bututu, in ka ja shi tsakanin yatsu sai ka ji wasu gaɓoɓi a ciki tif tif tif, in ya bushe ma ana ganinsu. Na san shi sosai don sana'ata ce, saiwar muke wankewa mu shanya mu daka mu haɗa turaren wuta da ita.

Kuma Hajiya yana yi a gida fa. Ni a tsohuwar bahon roba da ta tsage na sa nawa a bayan kicin, ba shi da wani ganye sosai karare ne kawai kore shar a tsaye, wasu baƙi har tambaya suke wace fulawa ce wannan daga ina aka kawo. In kika samu ɗanyar saiwa wadda ba'a shanya ba ki binne ta da damina, ta kasuwa busasshiya ba lallai ta tsiro ba. Amma a baho ko tukunya fa, kar a ƙasa, don shi yana tafiya ta ƙarƙashi, zai bi ya cinye miki lungun.

Tsohon_Malamin_Gona:

Haka ne Hajiya, kin yi daidai, kajiji ya fita daban a wannan. Allah ya ƙara sani.

Uwargida_Hanwa:

Alhamdulillah, na karanta wa maigida duka, yana ta dariya wai dama ya faɗa, nace masa ai kai ma taka ciyawar 'yar Japan ce ba ka tsira ba. Mun tsaya a kan mai lemar a jikin katanga, mai ratsin farin a gabanta, iksora biyu a tukunya ta bakin ƙofa. Haidiranjiyar kuma ban haƙura ba fa, Anti in Allah ya kaimu Agusta zan roƙi reshe ɗaya in gwada a bayan tagar kicin inda auta baya zuwa.

Saura abu ɗaya, wurin akwai gara sosai, har ta fara hawa katangar. In na zuba taki ba zan ƙara kirawo ta ba?

Dan_Kwangila:

Za ki kirawo ta in ɗanyen taki ne ko wanda ke da kara da dusar katako a ciki, wannan abincinta ne. Ki nemi wanda ya ruɓe sosai ya zama kamar ƙasa baya wari, ki gauraya shi da ƙasar kar ki barbaɗa a sama. Ɓuntun shinkafar da Anti tace shi ma a tukunya ya fi, a ƙasa gara na bi. Ki fara bin hanyarta ki ga daga ina take fitowa, sau da yawa wani guntun katako ne magina suka binne ko kututturen itacen da aka sare kafin a yi gini, in kika tono shi kika fitar rabin aikin ya ƙare. Kuma ki bari ruwa ya zauna sosai tukuna, wajen tsakiyar Yuni, wannan na farkon yakan ɗauke sati biyu ya bar mutum da sabon dashe a rana. Garin ganyen darbejiya ko dakakken 'ya'yanta a ramin dashen yana taimakawa, ki sa kamar cikin hannu ɗaya a kowane rami.